Aikin bututun ƙarfe a wurin kafintoci, bayan Ƙofar Ƙaura

Litinin 6 ga Janairu, 2025

Yau muka shiga sabon sayit na wayarin ɗin lantarki can bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina, wurin aikin kafintoci ne na injina. Dogon zaure ɗaya mai rufin kwano da tiras ɗin ƙarfe, sai ɗan ofis da sito a gefe. Injina huɗu za a girka, filena, babban zarto, injin fidda kwalliyar katako da kwamfuresa ta feshin fenti, dukkansu tiri fes ne, wato masu aiki da layin wuta uku. Alhaji mai wurin so yake a gama kafin azumi.

Da farko cewa ya yi a bi bango da fayif ɗin roba a kama da kilif a wuce wurin. Na ce mashi Alhaji wurin da za a wuni ana juya katako mai ƙafa 12 ana jingina shi da bango ai roba ba za ta ga sallah ba, ga ɓeraye, ga garin katako da ko ƙyallin wuta ba ya so. Ya ce to kai me ka gani, na ce bututun ƙarfe galbanayiz, duk a fili bisa bango, ofis da sito kawai za a binne roba. Ya ɗan yi shiru ya ce in kawo lissafi.

Ni dai ina son aikin nan ba don kuɗin kawai ba. Kusan duk wayarin ɗin da muke yi a garin nan binne shi ake, ka fasa bango ka sa fayif birkila ya zo ya watsa filasta shikenan, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk ɗaya suke a idon mai gida sai ranar da aka zo jan waya ta cije. Wannan kau kowace lanƙwasa a waje take, duk ɗan sana'ar da ya shigo sayen kujera sai ya ɗaga kai ya duba.

Laraba 8 ga Janairu

Awo da zane. Mun buga igiyar bula a bango tsayin mita 2.4 daga ƙasa, nan babban layi zai bi. DB, wato akwatin rarraba wuta, kusa da ƙofar ofis.

Asabar 11 ga Janairu

Alhaji ya yarda da lissafi amma ya ce bututun shi yana da mutumin da zai kawo mashi da sauƙi. Na rubuta mashi adadi, na mili 20 guda 60, na mili 25 guda 24. Ya ba ni N700,000 kafin alƙalami na waya da ƙananan kaya, kofla ta haɗa bututu da bututu, bush, loknot, sadil na kama bututu a bango, akwatunan ƙarfe masu murfi, fisha da sukuru. Waya ta gida na saya, a nan ba ni da ja, wayar Najeriya ta kirki ta fi tarkacen da ake shigowa da su nesa ba kusa ba. Mai kaurin 1.5 na fitilu, 2.5 na soket, 4 na injina. Koyil ɗin 2.5 yanzu ya haura dubu 40, abin sai addu'a.

Da la'asar na je gaida Baba, maigidana da ya koya mani aiki, don benda ɗinshi, injin lanƙwasa bututu, nike so. Tsohon inji ne ƙirar Hilmor mai ƙafafu da bayis a jiki, da foma biyu, wato mazaunin da bututu ke lanƙwasuwa a kai, ta 20 da ta 25, tun yana aiki a kamfanin ƙarfe na Steel Rolling yake da shi lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Na ce Baba nawa ne haya, ya ce kai ka taɓa jin ɗa ya yi hayar kayan ubanshi? Ɗauka, amma zan zo in gani da idona, in ka kunyata injin nan a ranar zan sa a ɗauko mani shi. Ya haɗa mani da dayis ɗin yanka zare, wato tiredin da ake murɗa kofla a kai.

Talata 14 ga Janairu

Ranar haushi. Mutumin Alhaji ya kawo bututu da safe, tun ana saukewa daga a-kori-kura na ji ƙarar ba ta yi mani ba, ƙarfen kirki in ya bugi ɗan'uwanshi amo yake, waɗannan wani ƙwas ƙwas suke. Na ɗaga ɗaya ba nauyi. Na sa tef, wanda na sani mita 3.75 ne, waɗannan ko mita 3 cikakka ba su kai ba, ka ga lissafin adadin ma ya rushe kenan.

Na ce bari dai mu gwada kar a ce na yi gaggawa. Na sa a benda na fara dannawa a hankali, ban kai rabin kwana ba cikin lanƙwasar ya tattare ya yi ƙunji kamar ɗanyen kara in an karya shi. Na ɗauko wani na juya ɗinkin waldar ya koma gefe, wannan ya kai 90 amma ya baje ya zama ƙwai, farin jikin yana ɓarewa yana zuba, ashe ba galbanayiz ɗin gaske ba ne shafe ne kawai. Wani kuma ɗinkin ne ya buɗe gaba ɗaya har ana hango ciki. Da muka gwada yanka zare dayis ya kusa huda shi saboda rashin kauri. Na sa yatsa ciki na ji layin waldar da kaifi tun daga baki har iya inda yatsa ya kai, wannan in ka ja waya a ciki fere ta zai yi.

Na kira Alhaji ya zo, ban yi dogon bayani ba na jera mashi guntayen a ƙasa. Mutumin nashi yana ta cewa ai hannu ne, in an bi a hankali zai yi, wai sun kai irinshi wurare da yawa ba a taɓa kuka ba. Na ce mashi Malam ga benda ga bututu bisimillah. Bai taɓa ba. Alhaji ya ce a kwashe a maida, ya juyo ya ce mani araha dai ba ta ado, jeka ka sayo wanda ka sani. Kuɗin mota zuwa da komawa N18,000 ya tafi a banza.

Alhamis 16 ga Janairu

Tunda ba ƙarfe muka koma ofis da sito. Sanyin kwanakin nan ya sa roba ta yi tauri, ƙaramin yarona ya sa sifirin a cikin fayif ya danna a gwiwa kai tsaye ta ce ƙas. Na nuna mashi ya riƙa goge wurin da tsumma da ƙarfi har ya yi ɗumi sannan ya lanƙwasa a hankali, ya wuce kwanar kaɗan don tana dawowa da kanta. Ya ce Oga ba sai mu kunna takardar siminti mu gasa ba, haka ake yi a sayit ɗin da ya baro. Na ce a can ka baro shi. Fayif ɗin da aka gasa baƙi yake yi ya motse ta ciki, filasta ta rufe asiri, bayan shekara biyu a zo ƙara waya ɗaya a rasa hanya sai an fasa bangon mutum mai fenti.

Asabar 18 ga Janairu

Kano, Sabon Gari. Na tafi da dayis a jaka, kafin in biya sai da na yanka zare a bakin ɗaya na leƙa ciki a hasken rana. Mai nauyi ne, tsayi ya cika, kowane da kofla ɗaya a baki. Kuɗin ya ɗara na mutumin Alhaji sosai amma Alhaji bai ce komai ba ya turo. Dako da mota zuwa Katsina N35,000.

Litinin 20 ga Janairu

Huda bango da ɗaura sadil. Mai gindi muka sa, wanda ke ɗaga bututu daga bango kaɗan, don garin katako kar ya samu wurin kwanciya a baya kuma bakin bututu ya zo daidai ramin akwati. Littafin ƙa'idar wayarin ya yarda har mita 1.75 tsakani a kwance, ni mita ɗaya ɗaya na yi, ya fi kyan gani.

Laraba 22 ga Janairu

Mun fara kwanonin 90. Babban yarona akwai son kallon bidiyon masu lantarkin Amurka a TikTok, kuma gaskiya mutanen nan suna aiki, za ka ga bututu goma sun taso daga fanel sun juya tare ba wanda ya leƙo. To ya ji suna cewa a cire inci 5 in za a yi 90, sai ya auna ya cire ya lanƙwasa, ya ɗora a bango ya gaza da kusan yatsa biyu. Ya tsaya yana zargin tef.

Na ce mashi inci 5 ɗin nan gaskiya ne amma na bendarsu ce ta hannu wadda ake takawa da ƙafa, a kan bututunsu marar kauri na rabin inci wanda ba a yanka mashi zare, na uku bisa huɗu ma inci 6 suke cirewa. Namu injin daban, foma daban. A nan alama ɗaya za ka yi inda kake son bayan kwanar ya tsaya, ka zura bututu, ka sa guntu a cikin ramin foma ta gaba, ka ɗora sukwaya bisa alamar ka riƙa turawa ko jawowa har hannun sukwayar ya taɓa bayan guntun. Sannan ka danna da jiki gaba ɗaya ba fizga ba, ka wuce kaɗan saboda ƙarfe na dawowa, ka fiddo ka gwada da sukwaya. Kafin azahar ya kama, kuma hannunshi ya fi nawa sanyi, wannan yaron zai yi nisa in bai yi girman kai ba.

Wanda ya gaza ɗin ba a yar ba, zai shiga wajen saukar soket.

Asabar 25 ga Janairu

Yau ce ranar da nike jira kuma nike tsoro. Bututu huɗu na 25 sun taso daga DB a jere ɗaya bisa ɗaya, mili 50 daga tsakiya zuwa tsakiya, to a gabansu akwai babbar ƙofar shigo da katako, dole su hau mili 200 su bi ta saman firam ɗinta sannan su sauko.

Lissafin ofset ɗin, wato lanƙwasa biyu da ke ɗaga bututu ya ci gaba a miƙe, ba wuya. In digiri 30 za ka yi, tsayin da kake son hawa sau biyu shi ne tsakanin alama da alama, wato 400. In 45 ne sau 1.41, amma 45 tana cin waya wajen ja kuma a ido tana da tsauri, 30 ta fi kwanciya. Bututun kuma zai ragu da wajen kwata na abin da ya hau, mili 50 da 'yan kai kenan, in ba ka ƙara ba bakinka ba zai kai kofla ba. Bendar Baba ba ta da lambobin digiri, sai na sa wani kafinta ya yanko mani filawud mai kusurwa 30 muna gwadawa da shi. Kuma kowane bututu sai an ja mashi layin fensir daga baki zuwa baki kafin a fara, don in ka juya shi za ka yi lanƙwasa ta biyu ya ɗan murɗe ko yaya ne, in ka kwantar a ƙasa ƙafa ɗaya za ta ɗaga, kuma ba ya gyaruwa da kyau.

Inda ake gane hannu shi ne jerin. In ka yi duka huɗun da alama iri ɗaya, a miƙe tsakaninsu 50, amma a gangaren sai ya matse ya koma 43, daga nesa za ka ga sun tsuke sun sake buɗewa. Ba abin da zai samu wuta, inji zai tashi lafiya lau, Alhaji ba zai taɓa lura ba har abada. Amma akwai. Maganin shi ne kowane ya jinkirta a kan na samanshi, na sama ya fara tashi, na biyu ya ƙara mili 13, na uku 26, na huɗu wajen 40.

Ina cikin danna kalkuleta a waya Baba ya iso bisa mashin ɗin jikanshi. Ya tsaya ya ji abin da nike, ya ce miƙo alli. Ya duƙa da ƙyar ya zana layi huɗu a simintin ƙasa da girmansu na gaskiya, ya ɗora filawud ɗin ya ja gangaren, ya ce auna inda suka karye. Na auna, 13. Ya ce mu haka Bature ya koya mana, ƙasa ita ce takarda, in ka lanƙwasa ka kwantar bisa zanen in ya rufe alli ya yi. Yaran sai dariya suke wai kalkuletar Baba ba ta cin caji.

Mun gama duka takwas ɗin, hawa da sauka, dab da magariba. Baba ya sa aka riƙe mashi tsani ya hau taki uku, ya zaro guntun katako daga aljihu ya zura tsakanin bututun ya bi da shi tun daga miƙe har gangare har sama, bai cije ba bai yi lako-lako ba. Ya sauko ya ce sadil na uku daga ƙofa ya karkace, a gyara. Shikenan abin da ya ce. Bai ce a ɗauko mashi benda ba dai.

Talata 28 ga Janairu

Layin fitilu a jikin tiras. Yanka, zare, gogewa, ɗaurawa. Duk zaren da ya rage a waje mun shafa mashi fenti don tsatsa. An ɗauke wuta tun safe, fetur na janareta N6,000 saboda diril.

Alhamis 30 ga Janairu

Na zo na tarar mai haɗa kwamfuresa ya sauko da bututun iskarshi daga sama ya ratsa daidai hanyar layin filena, an riga an kafe an yi walda. Na yi magana Alhaji ya ce a yi haƙuri a san yadda za a yi. Wani zai yanke nan ya sa fayif mai laushi ya zagaye, na ce a'a gada za mu yi mashi, lanƙwasa uku, ta tsakiya 45 na gefe biyu rabinta rabinta, ya hau ya tsallake ya sauka ya koma bisa layin bula. Ta fito da kyau.

Sai dai gadar ta ƙara yawan kwana a layin. Mu ƙa'idar da muka tashi da ita kar a wuce kwana biyu na 90 ko daidai da su ba tare da akwatin jan waya ba, Amurkawa su har digiri 360 suke yarda. Dole na sa akwati a tsakiyar layin da an riga an ɗaure kai da gindi, bututu ba ya juyuwa, sai da muka yanka dogon zare muka maida kofla baya gaba ɗaya da loknot sannan muka dawo da ita ta kama ɗayan bakin. Wuni guda ya tafi a kan abin da ba ya cikin lissafi.

Litinin 3 ga Fabrairu

Aikin bututu ya ƙare. Saura guda 3 na 20 da guntaye. An share, an hura, an zura fishin, wato abin jan waya.

Laraba 5 ga Fabrairu

Jan waya. Kowane inji fes uku da nitiral da atin, wato wayar ƙasa, duk a bututu ɗaya, ba a raba su a ƙarfe, in fes ya bi nan nitiral ya bi can bututun da kanshi zai riƙa ɗaukar zafi. Atin kuma na ja mashi wayarshi daban ban dogara da jikin bututu kawai ba. Hoda muka shafa, ban yarda da baƙin mai da wasu ke sawa ba, cin rigar waya yake. Layin da ya bi ta saman ƙofa mutum ɗaya na turawa ɗaya na ja da hannu ɗaya ta wuce sumul, ƙaramin ya ce Oga kamar ba komai a ciki. Na ce to ka ga amfanin Asabar ɗin da ka ce mun ɓata.

Juma'a 7 ga Fabrairu

Bayan masallaci na sa mega, na'urar gwada lafiyar rigar waya, bolt 500. Duk layuka sun yi sama sosai sai na babban zarto, fes ɗaya da jikin bututu allura ta faɗi kusan sifili, abin da ko megom 1 ne mafi ƙarancin da ake karɓa. Muka bi akwati akwati muna warewa har muka ƙuntata shi tsakanin akwati na ƙarshe da saukar inji. Da aka zaro wayar ga ta nan an fere ta tsawon ɗan yatsa, jan ƙarfe a waje yana ƙyalli. Muka kwance kofla, bakin bututun yana nan da kaifin zarto ba a goge ba ko kaɗan.

Na tambaya wa ya yanka wannan, shiru, can ƙaramin ya ce shi ne, ranar da aka ɗauke wuta magagarin yana sama wurin babban yaron, ya ce guda ɗaya ce ba komai. Ban yi faɗa sosai ba, na ba shi bakin na ce ya zagaya da yatsa, ya janye da sauri har da ɗan jini. Na ce da ba a gwada ba an kunna, bireka ce za ta yi ta faɗuwa in mun yi sa'a, in ba mu yi ba kafinta ne zai dafa bututu da gumi a hannu.

Abin da ya dame ni in akwai ɗaya ana iya samun biyu. Na sa aka buɗe duk haɗin da ya yi a ranar.

Asabar 8 ga Fabrairu

Ba a samu wani ba alhamdulillahi. An goge, an sake jan sabuwar waya mita 9 sau biyar don ban yarda da sauran huɗun da suka bi ta bakin ba, kuma ban yarda da naɗe tef a tura cikin bututu ba. Daga aljihuna ta fita. Mega ta yi daidai.

Talata 11 ga Fabrairu

Wani abokin sana'a da muka yi koyo tare ya biyo ya ga aiki. Ya yaba, sannan ya ce amma wallahi kana wahalar da kanka, da elbo ka saya ka ɗaura da tuni ka karɓi kuɗinka kana wani sayit ɗin, wa zai biya ka kuɗin mili 13? Ta fuskar kuɗi gaskiyarshi ce, in na raba kuɗin aikin nan da kwanakin da ya ci bai kai wayarin ɗin fulat mai ɗaki uku ba. Amma elbo matsattse ne, waya 4 guda biyar ba ta son shi, kowane kuma ƙarin haɗi biyu ne da zai iya saki, ga shi yanzu elbon ma ba arha ba. Sannan yaran nan biyu da ba su taɓa riƙe dayis ba yanzu babban zai iya ofset shi kaɗai. Masu yin aikin ƙarfe a garin nan sun ragu ƙwarai, galibi tsofaffi ne, shi ya sa in kamfani ya zo da babban aiki sai ka ga an ɗauko mutane daga Kano ko Kaduna muna zaune muna kallo.

Kafin ya tafi dai na ga ya koma wajen ƙofa ya ɗauki hoto.

Asabar 15 ga Fabrairu

An ɗaure DB, bireka kowace da sunan injinta a rubuce. Fitilu da soket sun kama a janareta. Benda ta koma gidan Baba a wanke da man giris, da goro da ɗan abin cefane.

Abin da ya fita ba ya cikin lissafin farko: dakon bututun da aka maida N18,000, na Kano N35,000, fetur N6,000, ƙarin akwati da kofla N7,500, duk Alhaji ya ce zai cika. Wayar da aka sake tawa ce.

Saura sandar atin, ƙasar wurin busasshiya ce ƙwarai a wannan rani, zan kafa biyu a bayan sito in haɗa su in auna in gani. Saura aisoleta, wato makunnin yanke wuta, ɗaya ɗaya kusa da kowane inji, da ɗan guntun fayif mai laushi daga nan zuwa motar injin saboda girgiza. Cenjoba ta sauya wuta zuwa janareta ba ta iso ba. Takardun mitar tiri fes suna wurin KEDCO, Alhaji ke bi. Injina za su iso Laraba in Allah ya kai mu, ranar za mu duba juyin kowace mota kafin a ɗaura bel, Litinin da safe kuma a fara haƙan ramin atin.